Kwamfuta ɗaya, baƙi biyar

Kowace sana'a da aka gada tana da abin da ake ba ɗan koyo ya ɓata. Yaron tela kan fara ɗinki a kan takardar buhun siminti kafin a miƙa masa shaddar mutane. Ƴar maginiyar tukwane tana da nata curin yumɓu, in abin da ta gina ya karkace sai ta dunƙule ta sake. Almajiri kuwa, in ya yi kure a rubutu, ruwa kaɗan ya isa ya wanke allonsa. Ilimin kwamfuta shi ne ya shigo makarantu da yawa na ƙasar nan ba tare da irin wannan rangwame ba. A wasu wurare alli da baƙin allo su ne kayan aikin duka: malami ya zana madannai, ɗalibai su kwafe, ranar jarrabawa su mayar masa da zanensa. Inda aka yi sa'a akwai na'ura ɗaya ko biyu, sai a tarar da su a ofishin direkta, an lulluɓe su da zane saboda ƙura, makulli kuma yana aljihu. Ba mugunta ke sa a yi haka ba. Duk wanda ya san wahalar da aka sha kafin na'urar ta samu, ya kuma san in ta lalace babu mai gyara a kusa, ba zai ga laifin mai ɓoye ta ba. Amma abin da hakan ke haifarwa shi ne yaro ya gama koleji yana tsoron abin da aka ce an koya masa.

Wannan tsoro ne ya daɗe yana damun wani malamin lissafi a Maraɗi, wanda aka ɗora wa darasin kwamfuta don kawai babu wani da ya yarda ya ɗauka. Mutum ne mai matsakaicin albashi da iyali, ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa fita waje karatu ba. Abin da ya yi shi ne ya tara kuɗi na wasu watanni ya sayi tsohuwar kwamfutar cinya, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallama su ƙare a kasuwannin nan, ya sa aka ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki ta kai giga 16. Ya share ɗan shagon da ke jikin zaurensa, ya kafa tebur da benci biyu. Da ya shaida wa uwargidansa cewa yanzu yana da kwamfuta biyar, sai ta leƙa ta dubi teburin ta ce: "Malam, ni dai ɗaya nake gani. Ina sauran huɗun?"

Tambayarta ita ce tambayar duk wanda ya fara jin labarin kwamfutar cikin kwamfuta, amsar kuma ba ta da nisa ga wanda ya tashi a gidan gandu. Gona ɗaya ce, maigida ne mai ita, amma yakan yanka wa kowane baligi gamanarsa, ya shuka abin da ya ga dama, kuma in gyaɗar wani ta ƙi ba ta shafi geron ɗan'uwansa ba. Haka ake yi wa na'ura. Akwai wata manhaja da za a iya kira mai rabo, wadda ke zama tsakanin ƙarfen na'urar da tsarin aikin da ake son ɗorawa. Ita ce ke yanka wa kowane tsari rabonsa na ƙwaƙwalwa, da lokacin masarrafa, da wurin ajiya, har ta nuna masa katin sadarwa da faifai waɗanda ba su da gangar jiki. Tsarin da aka ɗora yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Masana suna kiran ainihin na'urar mai masauki, waɗanda ke cikinta kuma baƙi. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne faifan kowace baƙuwa, da duk abin da ke cikinsa, ajiya ce guda a wurin mai masauki: ana kwafe ta, ana ɗaukar ta zuwa wata na'ura, ana share ta kamar yadda ake share wasiƙa.

Dabarar ba sabuwa ba ce, ta ma girmi malamin. A shekarar 1967 ma'aikatan kamfanin IBM a cibiyarsu ta Kambirij ta Amurka suka fara aiki da wani tsari mai suna CP-40, wanda ke raba babbar na'ura ɗaya zuwa baƙi 14. Dalilinsu tsada ce: na'urar wancan zamani takan cika ɗaki, masu son aiki da ita kuwa suna da yawa. A 1972 kamfanin ya fitar da VM/370 ga masu saye, a 1974 kuma Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharuɗɗan da masarrafa za ta cika kafin a iya raba ta haka. Masarrafar ƙananan kwamfutoci da suka cika duniya daga baya ba ta cika sharuɗɗan ba, shi ya sa dabarar ta daɗe ba ta sauko teburin talaka ba. Sai a 1999 kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, ya fitar da manhajar da ta kauce wa wannan cikas. A 2003 Xen ta fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, a shekarar kuma wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya saki QEMU. Daga nan masu ƙera masarrafa suka gyara abin tun daga tushe, Intel a 2005, AMD a 2006. A 2007 aka shigar da KVM cikin zuciyar Linux, aka kuma saki VirtualBox kyauta. Wato abin da a da sai gwamnati ko babban banki ke iya mallaka, yau yana kwance cikin kusan kowace tsohuwar kwamfuta, ana jiran mai tashe shi.

Tashin kuwa na zahiri ne, domin a na'urori da yawa wannan baiwa a kashe take zuwa. Malamin ya kwana biyu manhajar tana ƙin buɗe masa baƙuwa, kafin ya gano cewa sai an shiga saitin farko na na'urar, wanda ake kira BIOS, an kunna wani layi guda. Da VirtualBox ya fara, saboda sauƙinta: ana ɗora ta a kan tsarin da ake da shi kamar kowace manhaja. Da hannunsa ya faɗa, sai ya share na'urar gaba ɗaya ya ɗora Proxmox, wadda wani kamfani na birnin Biyana ya fara fitarwa a 2008, an gina ta a kan Debian, tana amfani da KVM, ana kuma sarrafa ta daga kowace waya ko kwamfuta da ke cikin rezon gidan.

Rabon da ya yi na malamin lissafi ne. Baƙuwa ta farko giga 1 ya ba ta, aikinta tsaron ƙofa: ita ke raba wa kowace waya da ta shigo lambar adireshi, ta kuma fassara sunaye zuwa lambobi. Ta biyu, mai giga 2, ɗakin karatu ce, ya ɗora mata Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007 don a karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Ya zuba mata ta Faransanci da ta Hausa. Ta uku, mai giga 3, tana ɗauke da Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, a nan yake ajiye darussa da tambayoyin gwaji. Ta huɗu, mai giga 2, tsohuwar Windows XP ce, wadda labarinta ke tafe. Ta biyar ya ba ta giga 4 ya sa mata suna Allo. Jimla giga 12 ke nan, ya bar wa mai masauki 4, domin maigidan da ya rabar da hatsin rumbu duka shi zai fara kwana da yunwa. Ya haɗa na'urar da ƙaramin akwatin wifi, ba tare da intanet ba. Duk ɗalibin da ya zo da waya ya zauna a benci ko a dakalin ƙofar gida, yana iya shiga ɗakin karatun ba tare da ya kashe ko dala ba.

Allo ita ce dalilin aikin duka. Mai rabo tana iya ɗaukar hoton halin da baƙuwa take ciki a wani lokaci, ta ajiye. Duk abin da aka yi bayan haka ana rubuta shi a gefe, in an so komawa baya sai a zubar da na gefen. Ranar Asabar ta farko da ya tara ɗalibai shida, ya kira wata yarinya ƴar aji huɗu, wadda ta fi kowa maki a takarda amma ba ta taɓa yarda ta taɓa madannai ba. Ya rubuta mata umarnin da ke share fayilolin tsarin baki ɗaya, ya ce ta buga. Ta ɗaga kai ta ce: "Mushe, in ta mutu fa?" Ya ce: "Kashe ta, ƴata. Don haka aka yi ta." Ta buga hannunta na rawa. Rubutu ya yi ta gudu, daga baya baƙuwar ta ƙi tashi, ɗakin ya yi tsit. Malamin ya danna wuri biyu, kafin a ƙirga ashirin Allo ta dawo yadda take da safe. Abin da ya biyo baya dariya ce, sa'an nan rububin wanda zai kashe ta na biyu.

Bai bar abin ya zama wasa ba. Ya kafa doka: wanda ya ɓata, sai ya yi awa guda yana neman gyara da kansa kafin a koma ga hoto. Wani mako shi da kansa yakan ɓata wani abu a ɓoye, ya canza adireshi ko ya cika faifai, ya ce su gano ciwon. A nan ne yaran suka koyi karanta saƙon kure maimakon su gudu daga gare shi, suka koyi tambayar abin da ya canza tun lokacin da abu ke aiki, suka koyi canza abu ɗaya kawai kafin su sake gwadawa. Wannan tarbiyyar tunani ce da ta wuce kwamfuta, ita ce kuma malamin lissafi ya yi shekaru yana nema a darasin aljabara bai samu yadda yake so ba.

Amma ɗakin gwaji a Maraɗi yana da abokan gaba da littattafan koyarwa na Turai ba su cika ambata ba. Na farko wuta. Bisa ƙididdigar Bankin Duniya, a 2022 kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse layin, bai dawo ba sai a Maris 2024. A watannin nan malamin ya ga amfanin zaɓinsa. Wani abokinsa ya taɓa yi masa tayin tsohuwar uwar garke irin ta kamfanoni, mai ƙarfi da ƙara kamar injin niƙa, ya ƙi karɓa bayan ya yi lissafi. Na'ura mai cin wat 150, in ta kwana ta wuni a kunne, tana shan kilowat-awa 108 a wata. Tasa da akwatin wifi ba su wuce wat 25 ba, wato kilowat-awa 18. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1200, rabi ne kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, rabin nan kuwa a takarda ya isa awa 24, ko da yake a aikace yakan gaza haka kaɗan. Da farantin hasken rana ɗaya a kan rufi, ɗakin ya ci gaba da aiki a ranakun da unguwa ke cikin duhu. Bugu da ƙari, kwamfutar cinya tana da nata batir a ciki, don haka yankewar wuta ba ta katse mata rubutu a tsakiya, abin da ke yawan lalata fayiloli.

Na biyu zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, na'ura kuwa in ta yi zafi sai ta rage gudu don ta tsira, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Hunturu kuma yana cika mata hanci da ƙura har fankarta ta toshe. Maganin da ya samu mai arha ne: ya ɗora ta a kan tubali biyu don iska ta ratsa ta ƙasa, yana buɗe ta yana busa ƙurar a ƙarshen kowane wata, da tsakar ranar bazara kuma yakan kashe baƙin da ba a aiki da su.

Labarin baƙuwa ta huɗu ya fara ne ranar da wani tsohon malami mai ritaya, magatakardan wata ƙungiyar raya al'adu, ya zo da faifan CD a cikin ambulan. A ciki akwai wasannin kwaikwayo da tatsuniyoyi da ƙungiyar ta buga tun shekarun 1990. Ya ce: "Ɗana, an ce kana tada matattu. Ga namu." Duk kwamfutar da aka buɗe rubutun a cikinta, sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su zama wasu alamomi marasa ma'ana. Dalilin sananne ne ga duk wanda ya buga Hausa a wancan zamani. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, akan ƙera wani salon haruffa na musamman a ɗora ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a gurbin wasu alamomin da ba a buƙata. Muddin salon na cikin na'ura rubutu lafiya lau, ran da aka rabu da shi sai ma'ana ta bi shi. Malamin ya ɗora Windows XP, wadda ta fito a 2001 aka kuma daina tallafa mata a 2014, ya hana ta hanyar sadarwa gaba ɗaya don kada ƙwayar cuta ta same ta, ya sa mata tsohuwar manhajar rubutu da salon haruffan da aka yi sa'a yana kan faifan. Rubutun ya fito tsaf kamar ranar da aka buga shi. Daga nan ɗalibai biyu suka zauna suka gano wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, suka mayar da kowanne gurbinsa na Unicode, suka daidaita rubutun da ƙa'idar da Nijar ta tsayar a 1999. Dattijon ya karanta shafin farko da ƙarfi, ya cire tabarau, ya ce: "Da tsohuwar zuma ake magani."

Wannan amana ce ta sa malamin ya ɗauki batun ajiya da gaske. Hoton da ake komawa gare shi yana zaune ne a faifai ɗaya da baƙuwar, saboda haka in faifan ya mutu, da hoton da baƙuwar da sauran ƴan'uwanta huɗu duk tare za su tafi. Raunin tara baƙi a gida ɗaya ke nan: gobara ɗaya ta ishe su. Ya bi ƙa'idar da masu sana'ar suka saba da ita, wato kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kowace Juma'a yakan juye baƙin a faifan waje, kowane wata kuma a kai kwafi gidan magatakarda a wata unguwa. Bai tsaya nan ba, yakan ɗauki kwafin lokaci lokaci ya tada shi don ya tabbata yana tashi, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai. Da faifan na'urar ya mutu wata bazara, kamar yadda kowane faifai ke mutuwa, abin da aka rasa aikin kwana huɗu ne.

Akwai kuma darasin mallaka. A watan Nuwamba 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, a Fabrairu 2024 ya janye nau'in ESXi na kyauta wanda masu ɗakunan gwaji da yawa a duniya suka dogara da shi, sa'an nan ya dawo da shi a 2025. Ko mene ne dalilin kamfanin, abin ya nuna cewa kyautar da mai ita ke iya janyewa da safe aro ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Manhajoji irin su Debian da KVM da QEMU lasisinsu ya ba kowa izinin kwafewa da gyarawa da rabawa, wanda ya riga ya karɓa kuma ba a ƙwace masa. Ga makarantar da ba ta da kasafin sayen lasisi, wannan bambanci shi ne tsakanin aikin da zai ɗore da wanda zai tsaya ran da aka canza farashi a wata nahiya. Wani abin lura shi ne, a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba ba Windows 10, Windows 11 kuma tana neman kayan da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su. Na'urorin da ofisoshi ke sallama saboda wannan dalili lafiyarsu ƙalau, suna kuma ɗaukar Linux da baƙinta ba tare da gardama ba.

Malamin ba ya ɓoye iyakar abin da ya gina. Baƙuwa ba ta koya wa yaro ɗaure kan wayar sadarwa, ko gane warin abin da ya ƙone, ko canza ƙwaƙwalwa da hannu. Don wannan sai ya roƙi matattun na'urori wurin masu gyara a kasuwa, yaran su kwance su ɗaure. Giga 16 ba ta ƙaruwa don an raba ta, in aka tada baƙi fiye da ƙima duka sai su yi ta jan ƙafa. Benci biyu kuma ba sa ɗaukar aji mai ɗalibai tamanin, ɗakin malami ɗaya ba ya sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Abin da ya tabbatar kawai shi ne cewa tsadar farawa ta ragu ƙwarai, har ta zo daidai ƙarfin ƙungiyar malamai ko ta al'adu da ke tara kuɗin wata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ke da ɗaki mai ƙofa, da mutum ɗaya mai haƙurin karatu, da kuɗin tsohuwar kwamfuta da batir da faifan ajiya biyu, ta mallaki duk abin da ake buƙata. A irin wannan ɗaki za a iya adana rubuce-rubucen da ke ruɓewa a akwatunan dattawa, a buɗe wa yaran unguwa ɗakin karatu marar kuɗin shiga, a kuma ba su na'urar da aka halatta musu su ɓata. Sharaɗi ɗaya ne malamin ke maimaita wa duk abokin aikin da ya zo ganin ɗakin: a rubuta komai a littafi, kalmomin sirri da rabon ƙwaƙwalwa da ranar ajiya, a kuma koya wa mutum na biyu tun daga ranar farko, domin malami ma'aikacin gwamnati ne, takardar canjin wurin aiki kuwa ba ta sallama kafin ta iso.